Ranar da Na Cire Mama Saratu Daga Layi

Ba na son yadda kuke magana a kan aikina. Lahadin da ta wuce 'yan mata biyu suka tare ni a bakin ƙofar coci, wai in koya musu sayar da tikitin jirgin ruwa na shaƙatawa, wanda ake ce wa kuruz. Sun ji ana ba mai sayarwa ɗaki kyauta a cikin jirgin, kuma suna neman ɗan abin yi a gefe. Ɗaya ta ɗaga wayarta ta ce ai komai yana nan ciki, dannawa uku ne an gama. Ban ba su amsa a wurin ba, domin jama'a na wucewa, kuma bakina ba shi da birki idan raina ya ɓaci. Zan ba da ita a nan, a rubuce. Ku karanta ku miƙa wa 'yan uwanku.

Sunana Ladi. A Jos na tashi, kuma a aji uku na firamare aka cire ni in taya uwata sayar da dankali. Na shigo New York da shekara talatin da shida ban iya cike fom da hannuna ba. Da rana ina kula da tsofaffi a gidajensu, in na tashi in je ajin manya a unguwar Flatbush in zauna da 'yan Haiti da 'yan Bangladesh, muna fama da karatun da 'ya'yanmu suka wuce tun suna shekara takwas. Ina da arba'in da uku na karɓi takardar gama sakandare. Har yau da yatsa nake karatu, layi bayan layi, ba na tsallake ƙananan rubutun da ke ƙasan takarda. Ku dariya abin yake ba ku. Ni da shi nake cin abinci.

Wanda ya koya mini aikin Alhaji Issaka ne, mutumin zangon Kumasi, mai shagon tikiti a Flatbush tsakanin wani mai aski da mai sayar da busasshen kifi. Tikitin Akara da Legas da Yamai yake sayarwa, da na Umara, yana kuma aika wa mutane ganguna cike da kaya gida. Ranar Asabar nake zuwa, ina shara ina ɗaga waya. Wata shida bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Sai ya tara mini kwafin fasfo na mutanen da suka riga suka yi tafiya suka dawo, ya ce in kwashe suna da ranar haihuwa da ranar ƙarewa a littafi, shi kuma ya bi da jan biro. In ya kama kuskure ɗaya, a sake shafin duka. Na taɓa ce masa ni fa ba yarinya ba ce. Ya ce ya sani, shi ya sa ma yake ɓata lokacinsa a kaina, yarinya da tuni ta gudu.

Aikin kuruz na farko wani likita ne ɗan Kaduna ya kawo shi, yana so ya kai matarsa don cikarsu shekara ashirin da aure. Alhaji ya ce shi ba zai sayar da jirgin da ke yawo da gidan caca a cikinsa ba, amma in Anti Ladi na so, ga tebur can a kusurwa. Na ɗauka. Na yi darussan da kamfanonin ke ba masu sayarwa a kwamfuta, kowane darasi sau biyu. Ranar da aka kai mu zagaye cikin jirgi yana tsaye a tasha, sauran suna ta ɗaukar hoto a bakin wurin iyo, ni ina ƙirga taku daga lif zuwa ɗakin cin abinci, ina auna ƙofar banɗaki da tafin hannu in ga ko keken marar lafiya zai shiga.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai taswirar jirgi, hawa-hawa, da nake bugawa a babbar takarda in manna a bango. Akwai gilashin ƙara girman rubutu, da waya biyu, da abin ɗinke takarda na liƙa lambar ɗaki a hannun akwati. Taswirar ita ce uwar aikin. A wayarku duk ɗakuna kamarsu ɗaya, farashi kawai kuke dubawa. A bangona na san wanne ne yake ƙarƙashin ɗakin rawa, wanne ne yake kan inji, wanne ne kwalekwalen ceto ya tare wa taga. Mai jiri a tsakiyar jirgi ake sa shi, can ƙasa. Tsohuwa kusa da lif. Wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi ya matsa mini sai mafi arha, na ba shi ɗakin ciki marar taga. Kwana bakwai bai san fitowar alfijir ba sai da agogo, kuma agogon jirgin ma an sauya shi a hanya. Da ya dawo ya ce na sayar masa da kabari mai talabijin. Tun daga shi, kafin in tambayi mutum nawa yake da shi, sai na tambaye shi ko yana iya kwana inda ba ya ganin sama.

Wata Hajiya 'yar Tamale ta je bakin jirgi da tukunyar shinkafa ta lantarki da dutsen guga da butar shayi, bayan na gaya mata sau uku za a karɓe. Aka karɓe. Ni ta kira tana faɗa, ba su ba. Mai son abincin halal, makonni kafin tafiya ake sanar da kamfani, ba a gaban mai raba abinci ba. Magani a jakar hannu yake zama, domin babban akwati tun a bakin titi 'yan dako ke karɓarsa, ba ka sake ganinsa sai yamma a ƙofar ɗakinka. Sannan lokaci. Jirgin ruwa ba motar tashar Taminus ta Jos ba ce da za a ce direba ya ɗan dakata, akwai mutum ɗaya a masallaci. In an janye gadar shiga an janye. Duk ranar da nake da mutane a jirgi, wayata na cikin tafin hannuna har sai na tabbata ya bar tasha, ko abinci ba na iya ci.

Sai shekarar korona ta zo. Jirage suka tsaya cak, ni kuma waya ba ta tsaya ba. Kamfanoni suna cewa a ajiye tafiyar zuwa gaba, mutane suna cewa ni suka sani, ba su san kamfani ba. Akwai wadda muke benci ɗaya a coci da ta daina amsa gaisuwata. Alhaji ya rayu da ganguna. Ni na koma wankin tsofaffi, wannan karon a Staten Island, ina hawan feri, wato jirgin fito, safe da yamma da ƙyalle a hanci. Fiye da shekara guda ban sayar da ɗaki ko ɗaya ba. Da jiragen suka dawo ma, mutanenmu ba su dawo ba, kowa na cewa a bari wani ya fara shiga. Shi ya sa da zumuntar mata ta cocinmu ta yanke shawarar tafiya Bermuda ta kwana bakwai, mu ashirin da huɗu har da ni a matsayin mai rakiya, na riƙe aikin da hannu biyu. In ya yi kyau, teburina ya dawo. In ya lalace, babu mai sake ba ni ko fasfon jariri.

Yanzu ga abin da ba ya cikin wayarku. A tsakaninmu a garin nan, ana iya tambayar mace me ya sa ta yi ƙiba, me ya sa har yanzu ba ta haihu ba, nawa take biyan haya. Ba a tambayar mutum takardunsa. Wanda ya tambaya, ana zare jiki daga gare shi, ana cewa a yi hankali da shi. Ni ma na yi shekarun da in aka kawo zancen sai in tashi in shiga kicin. Balle a ce babba za ka tambaya. To aikinmu kuwa a kan takardu yake zaune. Dabarar da na koya a shago ita ce in ce wa mutum ya turo mini hoton fasfo da abin da yake shigowa ƙasa da shi. Abin da ya turo shi nake dubawa. Abin da bai turo ba, ba na nema. Shekaru na yi a haka ina ganin na iya zama da mutane.

Mama Saratu matar marigayi fasto ce daga Bukuru, ta haura saba'in, kuma ta san uwata. Ta zo riƙe wa 'yarta Rifkatu tagwaye a unguwar Port Richmond da ke Staten Island. Rifkatu nas ce, ita ta saya wa uwar tikitin don ta huta da goyo. Ta turo mini hoton fasfon Najeriya da bizar baƙi a ciki, ba ta ƙare ba, kuma mai shiga da fita sau da yawa ce. Na sa gilashi na duba, komai daidai. Amma na san Mama ta ci Kirsimeti biyu a cocinmu, kuma na san baƙo ba ya yin Kirsimeti biyu a kan shigowa ɗaya. Na sani. Wata uku ina zuwa gidan ina kai takardun tafiya, ina cin tuwon da take tuƙawa, ban buɗe baki ba. Na ce wa kaina Rifkatu mai ilimi ce, ta fi ni sanin abin da take yi.

Ranar tafiya Lahadi ce. Aka yi mana addu'a a sujadar safe, muka nufi tashar jiragen da ke bakin kogi a Manhattan, kowa cikin ankon zumunta. Ni na ba da shawarar kowace ta yagi ƙyallen ankon ta ɗaura a hannun akwatinta, don mu gane kayanmu a ranar dawowa. 'Yan dako suka kwashe akwatuna, muka wuce bincike, muka shiga dogon layin da ke kaiwa kanta, inda ake duba fasfo, a ɗauki hoton mutum, a ba shi katin ɗaki. Ina cikin layi da fayil a hannu ina ƙirga kawuna. A gabana Mama Saratu ce, da Madam Lami uwar zumunta, wadda za su kwana ɗaki ɗaya.

Mama ta hango ana ɗaukar hoto a kanta, ta yi dariya ta ce wa Madam Lami ƙasar nan da son hoto take. Watan jiya ma an kai ta wani ofis an ɗauke ta, har an danna yatsunta goma a kan gilashi. Madam Lami ta ce na mene ne. Mama ta ce na katin zaman nan da Rifkatu ke nema mata, an ce su jira wasiƙa.

Mutum biyar ne tsakaninta da kantar duba fasfo.

Abin da na karanta da yatsana a darasi shi ne wannan. Wanda ya shigar da neman girin kad, wato katin zama, yana cikin ƙasa, in ya fita ba tare da takardar izini ta musamman ba, ana ɗauka ya watsar da neman. Bermuda wata ƙasa ce. Ranar dawowa, a wannan zauren da muke tsaye jami'an shige da fice za su zauna su duba kowa, kuma bizar da na ga tana da rai a hoto ba lallai su yarda da ita ba bayan daɗewar da ta yi. Tana iya sauka daga jirgin ruwa a wuce da ita filin jirgin sama na JFK, tagwayen ko sallama ba za ta yi musu ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, yarinyar da ke kanta ba za ta tare ta ba. Biza za ta gani kamar yadda na gani, ta yi murmushi ta miƙa kati.

Na kira Rifkatu, wayar a kashe, tana bakin aiki a asibiti. Na kira mijinta, direban babbar mota ne, bai ɗaga ba. Lauyan da ke nema mata katin kuwa ban san sunansa ba, kuma Lahadi ce. Na kira Alhaji na gaya masa a taƙaice. Ya ce mai yiwuwa tana da takardar izinin a jaka, kuma hanyar sani ɗaya ce, ni ma na santa. Saura mutum uku.

Na matsa na ɗan rusuna na ce, "Mama, ki zo mu yi magana a gefe, minti ɗaya."

Ta ce in bari a ba ta katin ɗakinta tukuna, ƙafarta ta gaji da tsayuwa. Na riƙe mata wuyan hannu. Ban taɓa riƙe babba haka ba.

"Mama, ban da fasfo, an ba ki wani kati ko wata takarda aka ce ta fita ƙasa ce ki dawo?"

Ta dubi hannuna, ta dube ni. "Ladi, ni kike tambaya takardu? A nan?"

Ba ta ɗaga murya ba, amma waɗanda ke gaba duk sun juyo. Madam Lami ta ce, "Yaushe aka ɗauke ki aikin shige da fice ba mu sani ba?" Na ce mata ta yi haƙuri, ba da ita nake ba. Na sake tambayar Mama. Ta ce fasfo ɗin nan shi kaɗai Rifkatu ta ba ta, kuma ni da kaina na ce ya yi. Na ce haka ne, ni na ce, kuma na yi kuskure. Na ce ba za ta shiga jirgin nan ba.

Ta zare hannunta. Ta ce ta san uwata tun ina goye a bayanta, kuma ba a taɓa tsayar da ita a gaban jama'a ba, ko lokacin da mijinta ke da rai ko bayansa. Ta ce 'yarta ta biya, fasto ya yi addu'a, za ta shiga. Madam Lami ta kama ta suka matsa gaba. Wata a cikin matan ta ce ai jirgin nan New York zai dawo, ba wani wuri za a bar ta ba, me ya kawo wannan tozarci. Layi ya kai kanta.

Na bar layi na nemi shugabar masu duba takardu, wata baƙar mace mai rediyo a kafaɗa, na gaya mata komai da Turanci, Mama na tsaye tana jin sunanta a bakina. Matar ta karɓi fasfon, ta buɗe shafin da aka buga ranar shigowa, ta tambaye ta ko tana da takardar izinin. Ni na fassara. Ta rufe fasfon ta ce ba za ta iya barinta ta hau ba. Mama ta ga rediyo da kati a wuya, ta ɗauka jami'ar gwamnati ce, ta tsorata har ta saki fasfon da aka miƙo mata ya faɗi. Sai da na rantse mata cewa ma'aikaciyar kamfani ce, babu inda za ta kai magana. Ban san ko ta yarda da rantsuwata a lokacin ba.

Aka ba mu kujera a gefe. Matan suka wuce ɗaya bayan ɗaya, wasu suna tsayawa su ce wa Mama sannu, babu mai duban inda nake. Can Mama ta ce maganinta na hawan jini yana cikin babban akwati. Na gaya musu a taro cewa magani a jakar hannu yake zama, na rubuta a takarda, amma ba lokacin tuna wa mutum ba ne. Akwatin yana cikin jirgi a tsakanin dubbai. Shugabar ta yi magana a rediyo, ta ba su lambar ɗaki, ta tambaye ni alama. Na ce baƙi ne, da ƙyalle shuɗi mai ratsin fari a hannu. Ta ce yawwa, wannan zai sauƙaƙa. Ban gaya mata akwai ashirin da huɗu masu irin ƙyallen ba.

Ƙarfe biyu ta wuce, zauren ya fara raguwa. Shugabar ta ce in zan hau in hau yanzu, za a rufe kanta. Na ce ba zan hau ba. Na kira sakatariyar zumunta, wadda ta riga ta shiga, ta fito bakin gada, na ba wani ma'aikaci fayil ɗin ya miƙa mata: lambobin ɗakuna, lokacin cin abinci, wa ke da ciwon suga, ƙarfe nawa za su dawo jirgi a Bermuda. Na ce a nemo nawa akwatin shi ma. Wannan shi ne ɗakin kyautar da kuka ji labari.

Wajen uku saura aka turo akwati a kan keke. Baƙi, da ƙyalle, lambar ɗaki daidai. Mama ta duba ta ce na Lami ne. Aka mayar a guje. Na tsaya a bakin gilashi ina kallon ƙofar da ake shigar da kaya a gefen jirgi, ina ganin ana tura buhunan ƙarshe. In aka rufe ta, maganin zai yi kwana bakwai a teku, kuma ban san sunan maganin ba balle in nema a kemis, ita ma da launi ta san shi. Uku da rabi ta kusa aka fito da nata. Na sa ta buɗe a wurin, ta ciro ledar magani, ta sha ɗaya da ruwan da shugabar ta kawo. Nawa akwatin ba a same shi ba, ya tafi Bermuda ya dawo.

Muka ɗauki tasi zuwa tashar feri. Muka hau. Ferin ya ɗan yi nisa da gaɓa sai ga jirgin namu ya gangaro daga kogi, fari, ya fi duk benayen Port Richmond tsawo, mutane cike a samansa suna ɗaga hannu. Ferinmu ya rage gudu ya ba shi hanya. Mama ta tashi ta je bakin taga da ankonta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni wanne ne ɗakinta. Na ce hawa na takwas, a tsakiya, kusa da lif, mai taga. Ta ƙirga da yatsa daga ƙasa. Ta dawo ta zauna.

Rifkatu ta shigo gida bayan bakwai da kayan aiki a jikinta, ta tarar da uwarta a falo da akwati. Ta fara da ni tun ba ta ajiye jaka ba. Ta ce wa ya ba ni izini, ta ce na kunyata uwarta a gaban zumunta, ta ce tikitin ya tafi a banza. Na bar ta ta gama. Na ce ta kawo mini takardar da lauya ya ba ta. Ta ce ta san abin da ke ciki, an ce kada Mama ta bar ƙasa, kuma ba ta bari ba.

"Anti, daga New York ya tashi, New York zai dawo. Ba filin jirgi za ta bi ba. Ko gida ba ta nufa ba."

Na ce ta kawo dai. Ta kawo. Lauyan ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da biro. Na ɗora yatsana na karanta mata a hankali, kalma-kalma, yadda na iya: kada ta fita ƙasar ta kowace hanya, ko na kwana ɗaya, sai takardar izini ta zo. Na tambaye ta tutar wace ƙasa ce a Bermuda. Ta karɓi takardar ta sake karantawa, sannan ta zauna a ƙasa a wurin, bayanta jingine da firij. Mace ce mai digiri biyu. Ba wauta ba ce. A kanmu duka, fita ƙasa ita ce JFK da akwati mai nauyi da masu rakiya, ba jirgin da ake zuwa a ci abinci a dawo ba.

Katin Mama ya zo bayan wasu watanni, har yanzu tana nan tana kai tagwayen makaranta. Madam Lami ta yi wata biyu ba ta kula ni ba. Amma a wannan yammacin babu wanda ya gode wa wani. Na ɗauki jakata zan fita, na rusuna na ce Mama ta yafe mini. Tana riƙe da ɗaya daga cikin yaran a cinya.

Ta ce, "Ba hana ni da kika yi ba ne, Ladi. Wata uku kina zuwa gidan nan. Da kin tambaye ni a kicin, mu biyu, da na gaya miki."

Na miƙe na fita.

Washegari na riga Alhaji zuwa shago. Na jawo aljihun tebur, na fito da fayil na duk wanda zai hau jirgi a watanni huɗu masu zuwa, mutum talatin da ɗaya. Ban jera su da ranar tafiya ba, da shekaru na jera su, mafi tsufa a sama, domin na san in na fara da masu sauƙi ba zan kai ga masu wuya ba. Na saman wani dattijo ne, Baba Garba, tsohon hedimasta daga Zariya, da ɗansa ya saya masa tafiya shi da matarsa. Na kira. Na gaishe shi, na tambayi matarsa, na tambayi ƙafarsa, na tambayi jikoki ɗaya-ɗaya, har gaisuwa ta ƙare ba sauran inda zan ɓuya.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan tambaya. Akwai wata takarda taka ko ta Mama da ke gaban hukuma yanzu, kuna jiran amsa?"

Ya rage murya ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ce babu kowa, Baba. Ka fito da takardun ka ajiye a kan tebur, ga ni nan zuwa.